Gyaran da na yi wa faifan Nasiru

Shekara shida ke nan cif da rasuwar ƙanena Nasiru, Allah ya jiƙansa. Masu irin wannan rubutu kan yi maganar ilimin mamaci ko kyautarsa. Ni maganar gem, wato wasan na'ura, zan yi, domin in ba a yi ta ba, ba a yi maganar Nasiru ba.

Tun muna yara a Garki, ranar da kawunmu ya kawo mana na'urar gem mai kaset, irin wanda sai an hura masa iska kafin ya kama, hankalin Nasiru ya koma can. Ya girma, ya buɗe shagon gyaran waya a Dutse, ya yi aure, amma bai daina tara tsofaffin wasannin nan ba. Duk inda ya ji labarin wani sai ya nemo shi, ya zuba a faifan ajiyarsa, wani ɗan baƙin abu da bai kai tafin hannu ba.

Ni kuwa aikina ajiye fayil ne a wata ma'aikata, kuma ban iya ganin hargitsi in yi shiru ba. Faifan Nasiru ciwon kai yake sa ni. Ba ya jera wasannin bisa suna ko shekara. Folda-folda ya yi da sunayen mutane: "Na Yaya", "Na Hauwa" wato matarsa, "Na Malam Idi tela", har da "Na Inna", mahaifiyarmu, wadda sau ɗaya ta taɓa gwadawa, ta ce mutumin ciki ya cika tsalle-tsalle. Wasa ɗaya sai ka gan shi a wuri bakwai. Na sha gaya masa wannan ba ajiya ba ce, juji ne. Dariya kawai yake yi, ya ce in bar masa kayansa.

Da aka zo rabon gado ba wanda ya kalli faifan. Hauwa ta miƙo mini, ta ce in adana wa 'yarsu Ilham. Bayan wata biyu, wata Asabar da hantsi, kewarsa ta ishe ni, na jona faifan a kwamfuta. Ban san yadda zan yi da kewar ba, sai na yi abin da na iya. Na jera wasannin bisa haruffa, na goge duk wanda aka maimaita, na share foldodin sunayen. Abu ɗaya na bari, wani ƙullin fayil da aka matse, wanda suke kira zif, sunansa lambobi kawai. A wurin aikinmu ba a yar da ambulan da ba a buɗe ba. Na tashi ina jin na yi wa ɗan'uwana hidima.

Bana da ƙaramar salla Hauwa ta zo daga Kafin Hausa da Ilham, wadda yanzu ta shekara tara. Bayan gaisuwa ta tambayi faifan. Ta ce a foldarta akwai wasan jera bulo da suka riƙa yi suna sabon aure, kuma kowace folda tana riƙe da makin mai ita da inda ya tsaya. Sau ɗaya tak ta taɓa cinye Nasiru a wasan.

"Yaya, ba wasan nake so ba," in ji ta. "Sunana da nasa nake so Ilham ta gani, nawa a sama."

Sai a lokacin na gane abin da na kira maimaici zaman da ya yi da kowannenmu ne. Na gaya mata gaskiya. Ta sunkuyar da kai ta ce ba komai, kuma wannan ba komai ɗin ya fi mini zafi a kan zagi.

Duk da haka na kunna kwamfutar, ko don yarinyar ta ga wani abu. Hauwa ce ta hango ƙullin nan a can ƙasa, ta ce in buɗe. Folda ɗaya ce a ciki, ya sa mata suna: "In Yaya ya gyara."

Komai na nan: na Inna, na tela, na Hauwa da sunanta a sama. Hauwa ta yi dariya har da hawaye. Ni fita na yi tsakar gida, don ban so Ilham ta ga fuskata ba.

Yanzu yara kan sauke wasa a waya da safe, su goge kafin azahar, ba wanda ya san wa ya buga da wa. Da Nasiru na nan, na san ba zai yi musu faɗa ba. Zai tambayi sunan yaro ne, ya buɗe masa folda.

Shagonsa wani ne a ciki, babur ɗinsa an sayar tuni. Abin da ya rage mini shi ne sanin da ya yi mini. Ya san zan yi masa ɓarna da sunan gyara, ya kuma yafe tun ban yi ba. Na kwafi faifan gida biyu, ɗaya wurina, ɗaya wurin Hauwa, yadda ya bar shi da hargitsinsa. Ban gyara ko harafi ɗaya ba.