Jan Hular da Ya Goce

Jiya injin shagonmu a Al Sabkha ya buga takarda, jan tawada ya goce daga layi, sai na tuna da Baba maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin ɗab'i daga Kano.

Na taɓa kai masa wani tsohon katin ɗan wasan besbol, har zan jefar, don jan launin hularsa ya zubo kan goshinsa. Baba ya shinshina katin, yadda yake yi wa kowace takarda, ya kwashe da dariya.

"Yaro, ajiye abinka! Kowane launi daban ake buga shi, takardar ce ta motsa. Ban san wasan ba, amma na san tawada."

Wallahi tun ranar irin su nake farauta. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa.