Yaya Balki da ƙofar da na toshe

Ina tsaka da shan koko da safen nan waya ta yi ƙara. Ɗan Yaya Balki ne daga Bazaga. Ya ce ta cika da asuba.

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

A tashar Konni nake rubuta wannan, mota na jiran mutum uku ta cika. Kada ku danna layik ku wuce, ku karanta har ƙarshe, akwai abin da nake roƙo.

Yawancinku ba ku san ta ba. Ba jini ya haɗa mu ba, maƙwabciyata ce, zaure ɗaya muke shiga. Ba ta taɓa riƙe alli ba. Ni kuwa na yi lakwal, wato makarantar boko, har kwaleji a zamanin da ƴan mata irina ba su da yawa, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ƴar lakwal take ce mini, har na yi furfura.

Shekarar da na haifi Rabi, ɗiyata ta fari, aka yi babbar murar nan da rediyo ke cewa ta gama ƙasashen duniya. Ta faɗo mana daidai tsakiyar ɗari, irin ɗarin da ruwan tulu ke cizon haƙori. Gida-gida mutane na kwance. Maigidana ya kamu, ƴan'uwansa suka ɗauke shi zuwa Badaguishiri don kada ya shafa wa jaririya. Kamata ya yi in tafi gidanmu wanka, to innata ita ma tana kwance.

Na rage ni kaɗai da jinjira ta kwana ashirin, a ɗakin siminti mai rufin kwano. Ɗakin da nake yi wa Yaya Balki yanga da shi. Da sanyi ya shigo, sai ya zama kamar cikin randa.

Itace ya ɓace a kasuwa, domin masu kawo shi bisa jakuna su ma suna kwance. Yaya Balki ke fita ta tsinto karan gero da busasshen kashin shanu, ta dafa mini ruwan wanka, ta dama mini kunun kanwa. Ban roƙe ta ba. Ban ma tuna na taɓa yi mata godiya ba.

Sai ƴaƴanta suka fara tari.

Na tare ta a bakin ƙofa na ce, “Yaya, daga yau ki ajiye kwano nan ki koma. An koya mana cutar nan ta iska take bi.”

Ta dube ni daga sama har ƙasa. “To, ƴar lakwal. Ita iskar ma korar ta za ki yi?”

Na ce ƙwarai. Kuma na kori iskar. Na yayyage tsohon zane na toshe taga, na toshe ƙarƙashin ƙofa, har ɗan ramin da ke saman bango na cusa masa tsumma.

Da maraice ta gasa duwatsu uku a murhunta, ta naɗe su da tsumma, ta miƙo daga nesa. Ta ce in sa wa ɗiya kusa da ƙafa, ɗuminsu zai daɗe. Na ƙi karɓa. Abin da ya fito daga gidan masu tari ba zai taɓa ɗiyata ba. Na sami gawayi wajen wani mai gugar kaya, ina kuma da ɗan murhun ƙarfe, furno, cikin kayan aurena.

Washegari bayan sallar asuba na taɓa ƙafafun Rabi na ji su kamar ƙarfe. Tsoro ya kama ni. Na hura furno a cikin ɗaki, na jawo shi gindin gado, na sa sakata. Ɗaki ya ɗauki ɗumi, na ji daɗi, har ina yaba wa wayona.

Can kaina ya fara sara. Na ce shi ke nan, murar ta iso ni. Na yunƙura in tashi, ƙafafu suka ƙi. Abu na ƙarshe da nake tunawa, ina murna yau Rabi ta yi barci babu kuka.

Sauran labarin ba ni aka yi.

Da hantsi Yaya Balki ta kawo kunu, ta ajiye inda na ce ta riƙa ajiyewa. Ta yi sallama sau uku, shiru. Daga baya ta ce mini, “Shirunki bai dame ni ba, dama ba ki cika amsawa ba. Amma ɗiyar nan kullum hantsi sai ta tada unguwa.” Ta koma ta ɗauko taɓarya, ta ɓalle sakatar. Ta fara fitar da Rabi, sannan ta dawo ta ja ni ta ƙafa kamar buhun gero.

Na farfaɗo a tsakar gida ina amai, rana na dukan fuskata. Yaya Balki na zaune a ƙasa, Rabi a cinyarta laɓas, wuya ya saki. Tana murza mata ƙirji, tana ɗalla mata tafin ƙafa, tana cewa, “Rabi, tashi ki sha nono. Tashi, uwarki ba ta da laifi, karatu ne ya yi mata yawa.”

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba.

Sai wani ɗan siririn kuka ya fito, kamar na kyanwa.

Sannan ta juyo kaina. “Mi kin ka yi, ƴar lakwal? Wuta ita ma numfashi take. Kin rufe ta ɗaki guda da jinjira, na wa za ta sha?”

Likitan da muka je wajensa ya faɗi wannan maganar da Faransanci, ya ƙara mata tsawo. Bai ƙara mata komai ba.

Ranar ta ciccire tsummokina ta zubar. Ba ta sake tsayawa bakin ƙofa ba, ni ma ban sake hana ta shiga ba. Kullum maraice duwatsu uku masu ɗumi, furno kuwa a waje. Murar ta kama ni daga baya, ita ta yi jinyata, Rabi na goye a bayanta har na miƙe.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan babbar sallar da ta wuce ne, a Bazaga, inda ta koma wajen ɗanta. Idanunta sun tafi. Ina shiga ta ce, “Ƴar lakwal ce. Na ji takun girman kai.” Muka yi dariya. Ta riƙe wuyan hannuna tana tambayar Rabi. Na ce, “Yaya, maganar ƙofar nan, tun tuni nake so in ce...”

Ta katse ni. “Wadda na ɓalle? Kafinta kike so in kira miki?” Sannan ta ce, “Ki dai gaya wa yara su bar wa iska hanya.”

Ban gaya musu ba. Ni da ke yi musu faɗa kan gaisuwa, kan ɗankwali, kan wanke hannu, na ɓoye wannan ɗaya saboda kunyar kada a ce Hajiya ta taɓa yin wauta. Rabi, ke ma a nan za ki fara jin sa. Ki yafe mini.

Ga abin da ya kawo ni tasha. Jikata Nana, ɗiyar Rabi, ta haihu a Malbaza kwana goma sha biyu da suka wuce. Sanyi ya shigo, tari na yawo. Jiya ta turo mini hoton yaron, a gefen hoton na hango furno gindin gado, an kuma rufe taga da bargo. Na gani, na ce bari gobe in kira ta in yi mata faɗa a tsanake.

Tun safe na kira ta sau bakwai, wayar na shiga ba a ɗauka. Ta mijinta a kashe take. Wataƙila barci take, wataƙila wanka. Haka ni ma aka zata.

Duk wanda ke Malbaza ya san gidansu, don Allah ya ajiye waya ya je yanzu. Ku buga ƙofa. Idan ba a amsa ba, kada ku tsaya kunya, ku ɓalle ta.

Ku kuma iyaye mata, ku fitar da garwashi waje kafin ku rufe ɗaki. Ba shawara nake ba ku ba.

Mota ta cika. Malbaza zan fara zuwa, sannan Bazaga wajen gaisuwa. Na san da haka za ta ce in yi.

Allah ya jiƙan Yaya Balki, ya yalwata kabarinta, ya buɗe mata ƙofar aljanna kamar yadda ta buɗe tawa. Ku sa ta a addu'a. Ku haɗa da Nana da ɗanta, Allah ya sa in tarar yaron yana kuka.