Goggo da Tagar Kwali

Goggo, ƙanwar mahaifina, shekara talatin da ɗaya ta yi tana yanka kati a tagar wani asibiti. Ta yi ritaya da ciwon baya, da tabarau mai igiya, da muryar da in ta ce "na gaba" har mai wucewa a titi sai ya gyara tsayuwa. A gida ma ba ta sauya ba. In ka ce mata kana jin yunwa, sai ta tambaye ka tun yaushe.

Ni kuwa wata biyu da gama jami'a na samu aikin koya wa manya Turanci, ƙarfe huɗu zuwa shida, a wani ɗaki da ke saman shagon ɗinki. Ɗalibaina tara. An koya mana mu riƙa sa ɗalibai wasan kwaikwayo, wannan likita, wancan mara lafiya, don bakinsu ya saba. Haka nake yi. Ina murmushi, ina gyaɗa kai, in sun maƙale in ƙarasa musu.

Cikinsu akwai Direba, mai furfura a gemu, wanda ya fi kowa ƙoƙari. Ranar Litinin ya tsaya bayan an tashi, ya ce matarsa na fama da ciwon ido. Sau biyu yana zuwa babban asibiti ya yankar mata kati, sau biyu yana dawowa ba kati, don a tagar can Turanci kawai ake ji.

"Malama, a nan ina iyawa," in ji shi. "Can kuwa da na isa gaban gilashin, sai kaina ya zama fanko."

Likitan idon ranar Alhamis zai zauna. In ta wuce, sai wani watan.

Da na koma gida na kasa cin abinci, Goggo ta sa ni gaba sai da na faɗa mata.

"In yana magana kina kallonsa?"

"To wa zan kalla, Goggo?"

"In ya tsaya kina ƙarasa masa?"

Na gyaɗa kai.

"Ke kike lalata shi, 'yar nan. Gobe zan zo."

Ta zo da kwalin tsohon talabijin wanda ta huda da wuƙa, da hatimi, da rediyo. Ta dasa kwalin a kan teburina, ta ƙure rediyo, ta jera ɗalibaina layi, Direba a ƙarshe. Da ya iso ramin kwalin, ko ɗago kai ba ta yi ba. Rubutu take ta yi. Ya fara gaisuwa, ta ɗauki waya ta kara a kunne tana hira da wanda babu. Ya tsaya baki buɗe. Na yunƙura zan taimaka, ta take mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

"Na gaba."

Direba ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa. Na ɗauka mun wulaƙanta dattijo ya tafi ke nan, ba aji ba kati. Ashe ruwa ya je sha. Ya goge baki ya koma bayan layi.

Sau huɗu tana korarsa. A na biyar, Tela, matar da ke ɗinki a ƙasan bene, tana bayansa a layi, ta ce, "Oga Direba, motar ta mutu ne? Mu sauka mu tura?"

Aji ya ɗauki dariya, shi ma ya dara. Sai ya dafa tebur ya sa baki a ramin kwalin, ya zubo da Turanci: sunan matarsa, shekarunta, idon hagu ne, wata uku ke nan. Goggo ta ce ya maimaita. Ya maimaita. Ta buga hatimi a takarda ta turo masa.

"Ba sai ka yi tsawa ba, ƙanena," ta ce masa da Hausa. "Amma kar ka matsa daga taga sai an ba ka amsa. Mu ma mutane ne, gajiya ce kawai."

Laraba ma haka aka yi, har da ƙarin tambayoyi.

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu kujerarsa ba kowa. Alli ya karye a hannuna sau biyu. Goggo na zaune a baya, wai wucewa take yi ta ce bari ta huta, amma idonta na kan ƙofa. Biyar da rabi muka ji takunsa a matakala.

"An duba ta," ya ce tun bai zauna ba. "An ba ta maganin ɗigawa, an ce idon zai washe."

Na zauna a kujerar ɗalibi.

Ya juya wajen Goggo. "Kuma kati biyu na yanka, Mama. Wani tsoho ne a bayana, na ga bakinsa na rawa, na ce ya gaya mini abin da ke damunsa in faɗa masa."

Goggo ta sauke tabarau ta dube shi. "Ka sake bin layi kuwa?"

"Na bi, Mama. Tun daga baya."