Ranar da Na Hana Bature Tsayar da Daɓen 'Yata

Shekarun baya can, lokacin gwiwoyina ba su fara ƙara ba, duk unguwarmu ta Kwarbai ba a daɓe ɗaki ba a kira ni ba. Ni ke ba da waƙa, mata su amsa, madaɓai su sauka tare. Boko kam ban san ko bihim ba. Jikata ke rubuta wannan, na kuma ce kada ta gyara min baki.

Ana gab da bikin 'yata ta fari muka sa ranar daɓe ɗakinta. Sai ga maigidana da wani malamin jami'a da wani dogon Bature mai gemu, wai mai shirya fim ne daga Cekosulobakiya. Sai da na yi mako ina tauna sunan nan. Daɓe yake so ya ɗauka. Da yake sabon gida ne ba a tare ba, maigidana ya yarda su shigo.

Mun baza tsakuwa, mun yayyafa ruwa, waƙa ta fara daɗi ke nan, sai Bature ya ɗaga hannu ya yi tsawa. Muka tsaya cak.

"Hajiya, ya ce a sake, haske bai yi masa ba," in ji malamin.

Muka sake. Ya ƙara tsayar da mu, wai ƙanwata tana kallon na'ura. Ita kuwa ta ci kwalliya kamar ita ce amaryar.

Na taɓa ƙasa, na ji ta fara shan iska. Daɓe in ya bushe rabi da rabi tsagewa yake yi, kuma dangin miji da tafin ƙafa suke fara duba ɗakin amarya. A ce 'yar mai daɓen Kwarbai ta tare a kan tsagaggen daɓe?

Ya sake ɗaga hannu, na miƙe da madaɓi.

"Malam, gaya masa ƙasa ba ta san a sake ba. Ko ya bi mu, ko ya koma zaure."

"Haba Hajiya, babban mutum ne fa a ƙasarsu."

"A ɗakin 'yata ni ce babba. Faɗa masa yadda na faɗa, kada ka sa masa zuma."

Ya faɗa. Bature ya dube ni, ni kuwa ban sunkuya ba. Sai ya kwashe da dariya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa da na'urarsa. Muka ɗora, ba mu ɗago ba sai da daɓen ya ɗau ƙyalli muka zuba makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa mai ƙara wa daɓe ƙarfi.

Da muna shan fura ya ce ta bakin malamin, shi ma hukumar ƙasarsu ta sha tsayar masa da aiki yana tsaka da yi, bai san yau shi ya zama hukuma ba.

Bayan shekaru malamin ya zo da wasiƙa daga Baturen. Ƙasarsu ta rabu biyu, tasa yanzu Sulobakiya, gara wannan ma ya fi sauƙin faɗa. Fim ya fita, kuma wurin daɓen nan, wanda bai yanke ko kaɗan ba, shi mutane suka fi tambayarsa a kai.

Har yau ban ga fim ɗin ba, ban kuma damu ba. Daɓen ina ganinsa duk sallah. 'Yata ta yi goyo shida a kansa, ko tsaga ɗaya babu. Jikokina sun ce za su malala siminti. Na ce su jira in mutu tukuna.