Malam Yusha'u da Kwamfutocin da Aka Fid da Rai da Su

Kullum bayan azkar na safe, Malam Yusha'u yakan hau tsohon babur ɗinsa daga Kawo zuwa wata sakandaren 'yan mata a Unguwar Sarki. Kafin a kaɗa ƙararrawa ya buɗe ɗakin kwamfuta, ya yaye ƙyallen da ke kan kowacce, ya kunna su bi da bi yana kasa kunne ko wata ta canja kuka. Shekara goma sha tara ke nan yana haka. Ƙarshen zangon nan zai yi ritaya.

Shekarar da jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta, makarantar na da guda goma sha huɗu, duk sun tsufa. Babbar manhajar da ke tafiyar da su ta yi musu nauyi, sai ka kunna ka je ka dawo ba su farka ba. Masu gyara suka ce a kira 'yan gwangwan kawai.

Malam ya sami shugabar makaranta, Hajiya Uwani, a ofis.

"Hajiya, ki bar min su hutun nan."

"Malam, yara sittin ne fa. In suka shiga jarrabawa ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ni za a tambaya."

"Ni ma za a tambaye ni, ko ba a nan ba."

Ta miƙa masa makulli.

Ya goge su tas, ya ɗora musu wata manhaja mara nauyi da ba kowa ya san ta ba, wadda masu sa kai ke ƙerawa su bar ta a buɗe, kowa ya duba cikinta ya gyara. Ita yake amfani da ita a kwamfutarsa, daga wasiƙa har sakamakon ɗalibai. Abokan aiki suka ce neman suna ne. Ga shi firinta ta ƙi bugawa, haruffan Hausa masu lanƙwasa suka ƙi fita. Ran Malam ya ɓaci, har ya fara tunanin ko ya ja wa yaran mutane asara. Mako uku yana rubuta wa masu manhajar tambaya, mutanen da bai taɓa gani ba suna amsawa. Da ya warware matsalar haruffan, ya aika musu gyaran domin wani ya amfana.

Ba duka yaran ne suka ci jarrabawar ba. Amma Zahra'u, ɗaya daga cikinsu, wadda yau ma'aikaciyar jinya ce, ta ce: "Wadda ke kusa da ni a ɗakin jarrabawa kuka take, ba ta san inda za ta danna ba. Ni kuwa nan take na fara amsa tambayoyi."

Kai ne, Malam, gwani mai gyara ba surutu. Kai ne ba ka taɓa ɓoye cewa akwai abin da manhajar ba ta iyawa ba. Kai ne ka koyar da malamai huɗu yadda ake kula da ita, don kada ɗakin ya mutu ranar da ka tafi.

Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa hutun nan da albarka. Mu kuma da ke saurin cewa abu ya gama yayi, mu riƙa buɗe shi mu duba tukuna. Goma sha ɗaya daga cikin kwamfutocin nan har yau suna tashi.