Jar Motar da Na Zaɓa wa Baba

Baba ya yi shekara talatin da wani abu yana tuƙa babbar mota, yana kwasar gero da wake daga Agiye zuwa kasuwar Gidan Rumji, kafin ciwon suga ya cinye masa ƙafar dama har gwiwa. Bai yi kuka ba ranar da aka sallamo shi daga asibiti. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaman da ya koma yi a zaure, hannuwansa biyu a kan cinya kamar ajiyarsu aka ba shi. Idan mota ta wuce a kan kwalta sai ya karkata kunne, ya ce wannan direban bai san lokacin canza giya ba, daga nan ya ci gaba da zamansa har la'asar.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. Ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko, a Gazawa, kuma a gidanmu ni kaɗai ce mai albashi, abin da ya sa na ɗauka ni kaɗai ce mai hankali.

Ina gida hutu sai ga taubashina, ɗan ƙanwar Baba, ya dawo daga Aljeriya da tarkacen kayan gwanjo. A cikinsu akwai ƙananan motoci biyu irin waɗanda ake tuƙawa daga nesa da na'ura a hannu. Ba na batir ba ne irin na yara. Inji ne da su na gaske, suna shan mai, suna hayaƙi, suna ƙara. Ya kawo su zaure don Baba ya gani ya yi dariya.

Ɗaya babba ce, tsohuwa, launinta ya koɗe har ba a gane ko shuɗiya ce ko toka-toka, gefenta ya tsage an ɗaure da waya. Ɗayar ƙarama ce, ja wur, tana cikin kwalinta, sai sheƙi take yi. Da aka tayar da jar ta yi wani irin kuka siriri, ta zabura ta bi fili har kaji suka watse. Baba ya karɓi na'urar, ya juya ɗan sitiyarin da yatsu biyu, motar ta yi kwana. Na ga bakinsa ya buɗe kamar yadda ban ƙara gani ba tun kafin asibiti. Nan take na ƙudurta sai na saya masa ɗaya.

Baba bai tambayi gudu ba, bai tambayi kuɗi ba. Ya dubi ɗan ƙanwarsa ya ce, "Kowace mi taka sha?"

"Babbar motar isansi taka sha, Kawu, fetur na bakin hanya, a zuba mata ɗan baƙin mai ciki kamar injin ban ruwa. Jar kuwa nata man daban ne. Ga galan guda nan na taho da shi."

"In ya ƙare hwa?"

"Ana samu a Yamai," in ji shi, yana sosa ƙeya.

Baba ya ce, "Uwata, ɗauki tsohuwar."

Da haka maganar za ta ƙare, da taubashina bai buɗe baki ba. Ya kwashe da dariya ya ce, "Ashe Madam mai albashi gwangwani za ta sai ma Kawu, ɗaure da waya? To, a ƙara mata igiyar akuya shi riƙa ja!" Wasa ne irin wanda muka saba tun muna yara, na sha yi masa wanda ya fi wannan zafi. Amma akwai maƙwabta a zauren, suka taya shi dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce ubana ba zai riƙe tsohon ƙarfe a gaban jama'a ba ina raye. Na ce mai kuwa ba abin damuwa ba ne, ina da mutane a Yamai. Ba ni da kowa a Yamai sai wata da muka yi makarantar horon malamai tare, wadda ko lambarta ba ni da ita.

Baba ya dube ni, ya dubi tsohuwar motar, ya ce, "To, Allah shi yi albarka." Na biya kuɗin jar. Tsohuwar, mai injin niƙan unguwarmu ne ya saye ta washegari.

Watan farko komai ya tafi yadda nake so. Baba ya sa aka share filin da ke gaban zaure, ya jera duwatsu, kowane dutse gari ne: nan Agiye, nan Cadawa, nan Maraɗi, can ƙarshe gindin dogon yaro Gidan Rumji. Ya ɗaura wa motar ƙunshin gero, wai mota ba kaya ba mota ba ce. Ƙorafinsa ɗaya, jar ba ta san tafiya a hankali ba, kuma ba ta ja da baya. Na ce masa ai ta zamani ce, kamar ni na ƙera ta.

Na koma Gazawa. Duk ƙarshen wata ina zuwa gida, duk zuwana kuwa sai in tarar an share fili, an jera duwatsu. Baba ya tayar da mota, ya kai kaya Gidan Rumji ya dawo sau ɗaya, ya kashe, ya ce, "Kin ga motarki, Uwata, lahiya lau." Ni kuma in koma ina ba abokan aiki labarin dabarata. Na yi cigiyar man sau biyu ko uku wurin direbobin da ke zuwa Yamai. Wani ya kawo mini man birki, wani ya ce ba a san shi ba. Da na ga mota tana tafiya duk zuwana, sai na ce ashe galan ɗin yana da auki, na bar cigiya.

Baba ya rasu da damina, shekara guda da 'yan watanni bayan haka. Bayan sadakar bakwai ina gyara ɗakinsa na ci karo da wata 'yar kwalbar maganin tari a bayan buhu, an toshe bakinta da leda. Na buɗe, ƙamshin man jar motar mai zaƙi-zaƙi ya bugi hancina. Bai kai cokali huɗu ba. Na kai wa Inna, mahaifiyata, na tambaye ta ina galan ɗin.

Ta ce, "Wane galan? Tun watan da kinka tahi ya ga ya kusa rabi, ya raba sauran cikin kwalabe. Kowace kwalba zuwanki guda. Wannan ta wata mai zuwa ce."

Na ce, to sauran ranakun fa?

"Sauran ranakun zama yaka yi, kamar da. In mai niƙa ya hito da tashi da marece, sai shi ce in ja mai tabarma bakin ƙohwa shi ji ƙararta."

Na ce me ya hana a gaya mini. Inna ta ce sau nawa ta ɗauki waya ya hana ta. Ya ce kyauta ce na yi masa a gaban mutane, ba zai sa in ji kunya ba. Mai niƙa ma ya taɓa kawo masa tasa ya ɗan tuƙa, Baba ya ƙi karɓa, wai kada a ce zaɓin 'yarsa bai yi ba.

Taubashina ya zo gaisuwa, na amsa masa da kyar, ko da yake na san ba shi ne ya yi zaɓin ba. Har yau ba mu ƙara yin wasa ba. Jar motar tana kan kabad ɗina a Gazawa cikin kwalinta, tana sheƙi kamar ranar farko, kwalbar tana gefenta. Ita kuwa tsohuwar tana nan da ranta. Zuwana gida na ƙarshe ina zaune a zaure na ji ta ta taso daga wajen injin niƙa, an ƙara mata waya a ɗaya gefen, ta bi ta filin Baba a hankali, ta tsaya, ta ja da baya.