Hannun Anti Tsaf

Anti Tsaf ake ce mata a kamfanin magani, kuma wallahi sunan ya bi jiki. Tun tana budurwa take ɗakin gwaji, inda ake duba ruwan allura ko ƙwayar cuta ta shiga kafin a kai shi asibiti. A ɗakin nan ba lalle, ba ɗan kunne, ko tari ne ya taso maka sai ka fita waje. Ƙa'idar aikin kuwa ba sani ba sabo. Kafin ka tashi sai ka danna yatsunka a wani faranti mai kamar daskararren kitse, a sa shi cikin akwatin ɗumi. In wani abu ya tsiro a kai, daga hannunka ya fito.

Nata bai taɓa tsirowa ba sai da Innarta ta kwanta ciwo. Tsohuwar ta yi gyambon kwanciya a baya, ga shi ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai 'yarta. Kullum da safe Anti Tsaf za ta wanke gyambon, ta shafa magani, ta juya ta, sannan ta ruga aiki. Ai kuwa farantinta ya fara fitar da ɗigo-ɗigo rawaya.

"Anti, ba ni ba ne, ƙa'ida ce," in ji shugaban ɗakin yana sosa ƙeya. "Ki nemi mai jinya, ko ki bar ɗakin."

Ta gwada safar hannu ta roba a gida. Inna ta ji sanyin robar a bayanta, ta ce, "'Yar nan, ƙyamata kike yi?" Ranar Anti Tsaf ta ci kuka ta ƙoshi. Ta tuɓe safar ta jefar.

Aka mayar da ita wankin kwalabe. Ta gilashi take hango waɗanda ta koya wa aiki zaune a kujerarta. Abin ya ci mata rai ƙwarai. Takan koma gida fuska a murtuke, ta wanke gyambon ba uffan, Inna ma ta daina yi mata hira.

Wata Talata Inna ta cika. Bayan zaman makoki shugaban ya sa ta sake danna yatsu. Da lokacin dubawa ya yi, sai ga shi da farantin, baki har kunne.

"Anti, barka! Duba, fes! Gobe ki koma ɗakinki."

Ta karɓa, ta ɗaga shi saitin fitila tana juyawa a hankali, tana neman ko ɗigo ɗaya ya rage mata na Inna. Babu.